Turmi Kaɗai Zai Zo

Nabawiyya: Alo? Alo! Ibtisam, ke ce?

Ibtisam: Mama! Ni ce. Salamu alaikum, ina kwana?

Nabawiyya: Wa alaikumus salam. Ɗaga murya, 'yata, kamar daga cikin rijiya nake jin ki.

Ibtisam: Na ce ina kwana! Kin tashi lafiya?

Nabawiyya: Lafiya lau, mun gode Allah. Ya jego? Ya ɗinkin?

Ibtisam: Da sauƙi. Yana ɗan ja in zan miƙe, amma da sauƙi.

Nabawiyya: To kar ki yi ta miƙewa. Nono ya kawo?

Ibtisam: Ya kawo, har riga yake jiƙa min.

Nabawiyya: Madalla. Ita 'yar mitsitsiyar fa? Tana kamawa?

Ibtisam: Tana kamawa. Sai dai ta ɗan tsotsa ta gaji, barci ya kwashe ta da nonon a baki.

Nabawiyya: Sosa mata tafin ƙafa. Haka kika yi min ke ma, raguwa tun a tsumma. Ya mijin naki?

Ibtisam: Midhat yana lafiya, yana banɗaki yana aski.

Nabawiyya: Yana me?

Ibtisam: Aski, Mama! Gemu!

Nabawiyya: A to. Surukar taki fa, Hajiya Zakiyya?

Ibtisam: Tun asuba take nan. Ta sauya wa kujerun falo wuri, ta sake mayar da su, yanzu tana kicin tana koya wa mai aikin yadda ake yanka albasa. Ya mutanen garin Mallawi? Ya Yaya Ragab da yara?

Nabawiyya: Duk lafiya.

Ibtisam: Ummu Girgis ta ƙasan bene fa? Gwiwar tata?

Nabawiyya: Tana nan tana jan ta. Ta ce a gaishe ki, ta ce Allah ya raya.

Ibtisam: Amin. Tattabarunki?

Nabawiyya: Suna ci suna ɓata min rufin ɗaki.

Ibtisam: Mama, muryarki ta ɗan shaƙe.

Nabawiyya: Layin ne.

Ibtisam: To kin shirya dai ko? Yana gama askin zai kamo hanya, ya ari motar abokinsa. Kafin azahar kina nan wajenmu a Minya. Bayan la'asar za a fara taron sunan. Don Allah kar ki manta turmin tagullar da za ki buga wa jaririya, shi ne na farko. Sai tukunyar mugat ɗin, kunun jegon nan naki.

Nabawiyya: An sayo kyandir na yara?

Ibtisam: An sayo.

Nabawiyya: Rariyar da za a kwantar da ita a ciki fa? An shimfiɗa mata abu mai laushi? Kar a girgiza ta da ƙarfi, ba ta da nauyin kaza.

Ibtisam: An shimfiɗa. Mama, na ce kin shirya?

Nabawiyya: Gishirin da za a watsa, ki tabbata mai tsakuwa ne, ba na leda ba.

Ibtisam: Mama.

Nabawiyya: Na'am.

Ibtisam: Tambaya ɗaya nake miki kina zagaye ta. Kin dafa mugat ɗin?

Nabawiyya: Na dafa.

Ibtisam: To alhamdu lillahi. Tun jiya nake mafarkinsa. Na Hajiya Zakiyya tsululu ne, kamar ruwan wanke kwano, na sha ne kawai don kunya. Kunun jego in ba naki ba...

Nabawiyya: Ya ƙone.

Ibtisam: Me?

Nabawiyya: Ya ƙone ƙurmus. Har tukunyar.

Ibtisam: Layin nan dai! Kamar cewa kika yi ya ƙone.

Nabawiyya: Layin lafiyarsa ƙalau, abin da na faɗa kika ji.

Ibtisam: Ke? Ke kika ƙona mugat? Ke da kike zaune a ɗakinki ki leƙa taga ki ce wa maƙwabta shinkafarsu ta kama? Barci ya ɗauke ki?

Nabawiyya: Idona biyu. Na narka man shanu, na zuba garin, na rage wuta. Na zauna a bakin ƙofar kicin ina tsince riɗi, na ba murhu baya. Kin san ni ba na kallon tukunya, hancina ne ke gaya min lokacin juyawa. Ina zaune ina jiran ƙamshi ya taso. Shiru. Sai ji na yi ana dukan ƙofa kamar za a ɓalle ta. Ummu Girgis ce ta hawo benen nan da gwiwarta, tana ihu: “Nabawiyya, gobara!” Na waiga, kicin baƙi ƙirin da hayaƙi.

Ibtisam: Innalillahi! Ba ki ƙone ba dai?

Nabawiyya: Ko yatsa. Ba wutar nake ba ki labari ba, Ibtisam. Ban ji ƙauri ba. Ko kaɗan.

Ibtisam: Mura ce.

Nabawiyya: Mura toshe hanci take. Nawa a buɗe yake, iska na shiga tana fita.

Ibtisam: Mura ce, Mama. Sauyin yanayi ne, kowa yana yi.

Nabawiyya: Na yanka albasa na kanga a hanci, hawaye ya zubo, wari babu. Na buɗe kwalbar turare, kamar ruwan famfo. Ummu Girgis ta aiko min da kifin gishirin nan nata, wanda in ta buɗe kyanwa ma barin gidan take. Kamar na shinshina bango.

Ibtisam: Mama, ki daina.

Nabawiyya: Daga nan na buɗe akwati na ɗauko jallabiyar babanki. Wadda ban wanke ba. Kullum in na sa fuskata a wuyanta yana nan, taba da sabulu. Jiya babu shi. Tsumma kawai na riƙe.

Ibtisam: Wayyo Allah.

Nabawiyya: Kuma jikina na ɗan ɗumi, bayana kamar an daka. Ba zan zo ba, 'yata. Abin da na kira in gaya miki ke nan.

Ibtisam: A'a. A'a, Mama, kar ki fara. Abin nan ya wuce! Ya ƙare! Wa kika ƙara gani da takunkumi? A asibitin da na haihu ma rabin ma'aikatan a haɓa suke rataye shi.

Nabawiyya: Na gani.

Ibtisam: A talabijin aka faɗa. Likita ne babba, ya ce korona ta zama kamar mura.

Nabawiyya: Na kalla. Shi da wani mai tabarau suka zauna, wannan ya ce ta tafi, wancan ya ce tana nan ta sauya riga ne. Suka yi ta nuna wa juna yatsa har aka sako tallan sabulu. Ni ban yi karatun da zan raba musu gardama ba. Abin da na sani, babanki da safe ya ture kofi ya ce na manta na'ana'a a shayi, alhali ganyen na yawo a kai. Sauran kin san shi.

Ibtisam: Wancan lokacin daban ne. Babu allura a lokacin.

Nabawiyya: Haka ne.

Ibtisam: To?

Nabawiyya: To me likitan ya ce miki ran da aka fito da ita daga kwalba? A gabana ya faɗa.

Ibtisam: Ya ce... ya ce a kula.

Nabawiyya: Ya ce bakwaini ce, huhunta bai gama ƙwari ba, kar mai tari ya matso kusa. Har na yi fushi da ma'aikaciyar nan mai ƙaton baki da ta hana ni ɗaukarta, ta ce in kalla ta gilashi. Na zage ta a zuci tun daga Minya har Mallawi. Yau da asuba ita na fara yi wa addu'a.

Ibtisam: A ina ma za ki ɗauko? Ba kya zuwa ko'ina.

Nabawiyya: Da na dawo daga wajenki na je gaisuwar rasuwar mijin ƙawata Sabriyya. Ɗaki cike da mata, taga a rufe, kowa ta shigo sai ta rungume ki, kunci nan, kunci nan. Wata na tari a ƙeyata tana cewa ƙura ce.

Ibtisam: To a yi gwaji mana! Yanzu-yanzu! Yaya Ragab ya je kantin magani.

Nabawiyya: Ya je. Mai kantin dariya ya yi, ya ce wa ke tambayar wannan yanzu, ya daina sarowa. Sai can wajen awon jini, su kuma sun ce amsa sai jibi.

Ibtisam: Jibi! Suna yau ne!

Nabawiyya: Na san ranar da jikata ta cika bakwai.

Ibtisam: Mama, kin buga turmin nan a kan 'ya'yan Yaya Ragab duka. Kin buga wa na 'yar'uwata Samah. Har na 'yar Ummu Girgis da ba addininmu ɗaya ba kin je kin buga. Ni ina tsaye a baya ina riƙe wa 'ya'yan mutane kyandir, shekara da shekaru, ana kallona ana cewa “saura ke”. Kowane suna in na dawo sai na rufe ƙofa na yi kuka. Kika ce min, “Ranar taki, sai an ji turmin nan a ƙetaren kogi.” Ke kika faɗa!

Nabawiyya: Ni na faɗa.

Ibtisam: Sai yau da tawa ta zo...

Nabawiyya: Kar ki yi kuka, nono zai ɗauke.

Ibtisam: Ya ɗauke mana!

Nabawiyya: Ke, rufe min baki! Da me za ta rayu?

Ibtisam: Ga Midhat ya fito. Midhat, zo ka ji Mama, wai ba za ta zo ba. Wai korona. Karɓi, ni na kasa.

Midhat: Alo, Hajiya? Barka da safiya. Ya ƙarfin jiki?

Nabawiyya: Barka kadai, ɗana. Ya hidima? An yanka ragon?

Midhat: Tun da sassafe, ana ta gyara. Hajiya, wace magana nake ji haka? Wace korona kuma ana zaune ƙalau? Ai an yi jana'izarta tuni.

Nabawiyya: Ka halarta?

Midhat: Hukumar lafiya ta duniya da kanta ta sanar an fita daga halin ta-ɓaci. Duniya fa, ba gwamnatinmu ba, balle ki ce siyasa ce.

Nabawiyya: Cewa suka yi ta tafi, ko cewa suka yi sun gaji?

Midhat: Hajiya! Makarantu a buɗe, masallatai a cike, an je Hajji an dawo. Jirgin ƙasa mutum kan mutum. Da tana nan da ba mu ƙare ba?

Nabawiyya: Wataƙila gaskiyarka ne.

Midhat: To! Kuma an yi miki allura, ni na kai ki da kaina.

Nabawiyya: Ni aka yi wa. Ita an yi mata?

Midhat: Ita... jaririya ce, ai ba a... Hajiya, saurara. Ki zo da takunkuminki, ki zauna can gefe kusa da baranda. Ki buga turmin, a mayar da ke. Shi ke nan.

Nabawiyya: Ka taɓa ganin an buga turmin suna daga baranda? A gefen kunnenta ake bugawa, don ta saba da ƙara kar ta tashi matsoraciya. A sunkuya a kanta ana yi mata huɗuba, numfashina a fuskarta. Kuma ka san ni. In na ga yarinyar nan a rariya, igiya ma ba za ta riƙe ni ba. Sai na ɗauka, sai na sumbata. Na fi ka sanin halina.

Midhat: To me zan ce wa mutane? Dangi sun taso tun daga Asyut.

Nabawiyya: Ka ce musu abin da yake.

Midhat: In ce korona? A gidana? Hajiya, kin san sana'ata. Hayar kujeru da rumfar biki nake. Kin ga yadda na zauna lokacin kulle, kujeru jibge har rufi, ba biki ba zaman makoki, har na sayar da rabi. Yanzu ne na fara numfashi. In aka ji a sunan 'yata ana maganar korona, gobe mai shayi ya faɗa wa mai aski, jibi a ce kujerun Midhat ne ke ɗauke da ita. Mutane so suke su manta, Hajiya. Wallahi sun gaji. Ni ma na gaji.

Nabawiyya: Na sani, ɗana. Na ga ramar da ka yi a lokacin. Ba na so ka koma can.

Midhat: To ki taimake ni.

Nabawiyya: Taimakon ke nan. In na zauna a gida, ba korona a gidanka, tana Mallawi a ɗakin tsohuwa. In na zo ne za ta shiga.

Midhat: In ita ce! In kuma mura ce fa? Kin hana kanki, kin sa 'yarki kuka a ranar farin cikinta, a banza.

Nabawiyya: In mura ce, jibi ka zo ka yi min dariya, in dafa maka tattabaru biyu ka ci kana yi. In kuma ita ce na zo, me za ka dafa min?

Midhat: Subhanallah. Kar ki yi mana mugun baki.

Nabawiyya: Ba baki ba ne. Na raka mutum ɗaya ƙofar asibiti da tukunyar iska, ba a bar ni na ga fuskarsa ba har aka rufe shi. Shi ƙato ne, yana ɗaga buhun alkama da hannu ɗaya. Ita fa? Ɗaga ta ka ji.

Midhat: Allah ya ji ƙan Baba Abdul-Ati. Amma komai da ƙaddara, Hajiya.

Nabawiyya: Da ƙaddara. Ba ni zan kawo ta a mota ba dai.

Midhat: Ni dai ga makulli a hannuna, na taho. In na iso ma yi magana ido da ido. In ta kama in goyo ki ne, sai in goyo ki.

Nabawiyya: Na sa sakata. Sai dai ka ɓalle ƙofar surukarka unguwa na kallo.

Midhat: Za ki buɗe. Ibtisam, karɓi, ki lallashe ta kafin in isa. Ki ce wa Umma na fita.

Nabawiyya: Midhat! Midhat! Kai, yaron nan...

Ibtisam: Ya fita, Mama.

Nabawiyya: Kira shi! Leƙa baranda!

Ibtisam: Ba zan iya saurin tashi ba, tana kan cinyata. Kuma... ban sani ba ko ina so ya dawo.

Nabawiyya: Alo? Me kika ce? Ya yanke.

Ibtisam: Na ce a ɗaga sunan! A bari sai kin warke. Ana yi ai, wasu sai sati biyu.

Nabawiyya: Rago a yanke, baƙi a hanya? Hajiya Zakiyya ta haɗiye ki ɗanya. Kuma ba a ɗaga wa yarinya ranarta saboda tsohuwa. Ta sha wuya kafin ta kawo yau, a ba ta abinta.

Ibtisam: Sunanki fa za mu sa mata.

Nabawiyya: Sunan wa?

Ibtisam: Naki. Nabawiyya. Mun ɓoye ne, sai kin ɗaga taɓaryar turmin a faɗa miki.

Nabawiyya: Kai! Me yarinyar ta yi muku? Sunan tsofaffi, a makaranta a yi ta tsokanarta ana tambayarta ina haƙoranta?

Ibtisam: Mama, kuka kike?

Nabawiyya: Hayaƙin jiya ne bai gama fita ba.

Ibtisam: Kin ga? Ta yaya za a kira sunanki a ɗaki ba kya ciki?

Nabawiyya: Ibtisam, dube ta. Yanzu, ina jira. Dubi ƙirjinta. Ya yake yi?

Ibtisam: Yana... yana ɗagawa da sauri-sauri. Haka take tun a asibiti, sun ce ba komai.

Nabawiyya: Sa yatsa biyu a kai. Ya faɗinsa?

Ibtisam: Mama...

Nabawiyya: Ya faɗinsa?

Ibtisam: Tafin hannuna ya rufe shi duka.

Nabawiyya: To ki bar na talabijin, ki bar mijinki, ki bar ni. Su duniya suke magana a kai, ko ta ƙare ko ba ta ƙare ba, su ta shafa. Ke abin da ke ƙarƙashin tafinki aka ba ki. Ke ce uwa yanzu. In kin ce in zo, wallahi zan zare sakata in shiga motar. Faɗi.

Ibtisam: Kar ki ɗora min.

Nabawiyya: Na ɗora. Tun ran da aka yanka cikinki aka ɗora miki. Faɗi, katin nan ya fara yi min kuka a kunne.

Ibtisam: Ya Allah...

Nabawiyya: Alo? Kina nan?

Ibtisam: Ina nan.

Nabawiyya: To?

Ibtisam: Kar ki zo.

Nabawiyya: Ban ji ba.

Ibtisam: Kin ji, Mama. Kar ki zo.

Nabawiyya: Yawwa, 'yata. Allah ya yi miki albarka. Share fuskarki, kar ya ɗiga mata a ido.

Ibtisam: To wa zai kula da ke? Ke kaɗai a sama, da zazzaɓi?

Nabawiyya: Ragab na kawo abinci ya ajiye a matakala. Ummu Girgis ta ce za ta riƙa buga silin da sandar tsintsiya, in na ji in buga ƙafa. In numfashi ya yi min nauyi zan faɗa, ba zan yi jarumtar banza ba. Yanzu saurara, da sauri. Ina ajiye waya ki kira mijinki. Kar ya juya, ya ƙaraso. Amma kar ya hawo. Ya tsaya a titi ƙarƙashin tagata. Kwandon nan da nake saukar wa mai burodi, a ciki zan sauko masa da turmin.

Ibtisam: Turmin? Igiyar za ta ɗauka?

Nabawiyya: Ta ɗauki kankana. Zan wanke shi da tafasasshen ruwa da sabulu, in naɗe a tsumma mai tsabta. Ku ma ku sake wankewa.

Ibtisam: Wa zai buga?

Nabawiyya: Hajiya Zakiyya.

Ibtisam: Hajiya Zakiyya! Ke da kika ce ko taɓaryarsa ba za ta taɓa ba kina raye? Ran sunan ɗan Samah da ta miƙo hannu, cewa kika yi tagullar kakarki ba ta san baƙon hannu ba.

Nabawiyya: To yau za su gaisa. Kakarta ce ita ma. Ki ce mata ta riƙe taɓaryar a tsakiya, ta bugi gefe, ba gindi ba, ba tafarnuwa take dakawa ba. Kuma ki ce na ce ta yi haƙuri da maganar ran nan. A'a, bar wannan, kar kanta ya kumbura.

Ibtisam: Mama, kin sa ni dariya ɗinkin na ja.

Nabawiyya: Saura ɗaya. Ba mai sumbatar yarinyar nan yau. A kalla, a ce masha Allah, a wuce. Ki tsallaka ta sau bakwai yadda aka saba, a watsa gishiri, yara su zaga da kyandir, ki ɗauke ta ku shige ɗaki.

Ibtisam: Za su ce ina wulaƙanci. Za su ce abu ya wuce ina tayar da shi. Gwaggon Midhat kaɗai ta ishe ni.

Nabawiyya: Ki ce tsohuwar Mallawi ce ta hana, ta rikice, tsoro ya taɓa mata kai. A zage ni, ina nan ba na ji. Shi kuma mijinki in yana so ya ce ƙafata ce, ya faɗa, bakinsa ne. Amma wadda ta tambaye ki ke, ki gaya mata gaskiya.

Ibtisam: To.

Nabawiyya: Rantse za ki kira shi.

Ibtisam: Wallahi zan kira shi.

Nabawiyya: Idonta biyu?

Ibtisam: Ta ɗan buɗe ɗaya.

Nabawiyya: Kawo wayar kusa da kunnenta. Ba a kai ba, kusa.

Ibtisam: Me za ki yi?

Nabawiyya: Turmin yana nan a gabana tun asuba, na goge shi yana ƙyalli. Zakiyya ta buga na taro. Amma bugun farko da yarinyar nan za ta ji a duniya, daga hannuna zai fito. Kin kai?

Ibtisam: Na kai. Mama, a hankali...

Nabawiyya: Bismillahi. Ga ɗaya!

Ibtisam: Wayyo, ta zabura! Ta watsa hannuwa!

Nabawiyya: Haka ake so. Ga biyu! Ke Nabawiyya ƙarama, buɗe kunne, kakarki ce. Ki ji maganar uwarki!

Ibtisam: Ta fara kuka!

Nabawiyya: Ina ji! Ina jin ta! Kai, masha Allah, ji murya! Wannan ce aka ce huhunta bai yi ƙwari ba? Bar ta ta buɗe shi! Ga uku! Ki ji maganar ubanki, ko da yake kansa da tauri, mutumin kirki ne!

Ibtisam: Hajiya Zakiyya ta leƙo, tana tambaya ƙarar me ce ce.

Nabawiyya: Ce mata darasi ne, ta tsaya ta koya. Ga huɗu! Ki ji ta kakarki Zakiyya, amma kar ki sha mugat ɗinta! Ga biyar! Kar ki ji ta masu gardama a talabijin! Ki sha nono, ki yi ƙiba, ki yi nauyi har hannun uwarki ya gaji!

Ibtisam: Amin, Mama, amin. Muryarki na yankewa...

Nabawiyya: Katin ne. Matso da ita. Ke takwara, saura magana ɗaya, ita ce babba. Ban san ƙamshin kanki ba tukuna. Kar ki bari su shinshine shi duka. Ki ajiye min nawa, ki jira ni, hancin nan yana dawowa zan—

Ibtisam: Mama? Alo? Mama!